Tsaya-Haka Ya Kira Mai Saiti

Idan ka taɓa zama a kan dogon bencin nan na shagon hoto da ke tsakanin mai gyaran agogo da kantin magani, to ka san Tsaya-Haka. In ma ba ka san shi ba ka ji muryarsa, don tun daga bakin titi ake jiyo ta. A wurin aiki ya samo sunan. Zai kama haɓarka ya murɗa ta gefe, ya danna maka kafaɗa ɗaya ya ɗaga ɗayar, sai ka koma kamar mai ciwon wuya, sannan ya daka maka tsawa: "Tsaya haka!" Kuma dole ka tsaya, ko kai ɗan gidan uban wane ne. An ce ya taɓa yi wa wani babban alƙali, bawan Allah ya ƙame har ƙuda ya sauka a hancinsa bai kore shi ba.

Ya fara sana'ar tun zamanin fim, lokacin da ake kulle kai a ɗakin duhu da jan kwan fitila, a tsoma takarda cikin ruwan magani ana kaɗawa har fuskar mutum ta fito a hankali. Da kwamfuta ta zo, sa'o'insa suka yi ta rufe shago ɗaya bayan ɗaya. Wani ya koma sayar da katin waya, wani ya koma zaman ƙofar gida yana zagin zamani. Shi kuwa ya sayo tasa, ya zauna a gabanta yana dangwala mata yatsa ɗaya kamar mai tsokanar kunama, bai tashi ba sai da ya iya. A faɗi gaskiya ko ba a so, mutumin ya san aikinsa. Zai share maka ƙurji, ya miƙe maka wuyan riga, ya dawo maka da gashin da ya gudu ya bar ka, ka karɓi hotonka ka ji kamar ka kai wa kanka gaisuwa. Illarsa ɗaya ce: ya san ya iya, kuma ba zai bari ka manta ba.

"Kyamara ƙarfe ce, kwamfuta ma ƙarfe ce," haka yake cewa, yana nuna idonsa da yatsa. "Nan aikin yake." Ba shi da gida na a zo a gani, ba shi da mota, cikin 'ya'yansa babu wanda ya gaji sana'ar. Idon nan shi ne duk abin da ya tara a duniya, da shi yake cin abinci, da shi kuma yake taka kowa a layin.

A bayan labulen da ake tsayawa a ɗauki hoto, labulen nan mai zanen teku da jirgin ruwa, akwai wata 'yar ƙofa. Bayan ƙofar akwai ɗan ɗaki mai zafi, a ciki akwai injin buga hoto, kusa da injin kuma akwai Auta. Ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ya shigo shagon yana saurayi, yanzu ga furfura har a gira, ga jikoki, amma har gobe Auta ne, kuma har gobe shi ake aika sayen shayi. Maganarsa ba ta wuce "To, Yaya." Ka yabe shi, to Yaya. Ka zage shi, to Yaya. Wasu da suka shekara suna zuwa shagon sun ɗauka injin ne ke miƙo ambulan da kansa.

Tsarin aikin a fili yake. Tsaya-Haka ya ɗauki hoto, ya gyara a kwamfuta, ya tura ciki. Auta ya buga, ya yanke, ya sa a ambulan. Rabon lada ma a fili yake, kuma an yi shi bisa adalci irin na manyan yayye: idan hoto ya yi kyau idon Tsaya-Haka ne, idan ya ɓaci hannun Auta ne. Haka suka zauna shekara da shekaru, babu wanda ya ji kansu.

Sai kuma duniya ta fara lalacewa.

Da kwan fitila aka fara. Tsaya-Haka ya ce kamfanonin yanzu ba su da tsoron Allah, suna sayar wa mutane duhu a cikin kwali. Ya canza na shago, ya canza na gida, ya ƙara wasu a inda da babu. Daga nan ya koma kan matarsa, wai farar rigarsa ta koma kalar shayi, ta manta yadda ake wanki. Baiwar Allah ta jiƙa, ta cuɗa, ta zuba bula har hannunta ya tsattsage, ya ɗaga rigar ya ce bai ga abin da ya canza ba. Mai fentin da ya yi musu bango ya sha nasa zagin, masu jarida suka sha nasu don sun rage girman rubutu ba su sanar da kowa ba. Har rana bai ƙyale ba, wai ta fi da kashe ido.

"Malam," in ji matarsa wata rana tana ninke kaya, "ko za ka je a ɗan duba maka idon nan?"

Ya dube ta kamar ta zagi ubansa. "Idona? Ni? Ai likitocin ne ya kamata su kawo mini nasu in duba musu."

Ta ci gaba da ninki.

A shago kuwa abin ya fi muni. Duk fuskar da ya buɗe a sikirin ɗin kwamfuta sai ya gan ta ta yi rawaya, kamar mai ita ya tashi daga doguwar jinya. Laifin kyamara ne mana, na wa kuma? Amma shi ba a kawo masa raini. Sai ya kama linzamin kwamfuta ya riƙa ja yana ƙara shuɗi, yana ƙarawa, har sai fari ya dawo fari a idonsa. Hasken sikirin ma ya murɗe shi har ƙarshe, in ka shigo shagon sai ka ɗauka walda ake yi. Ya jingina da kujera ya kalli aikinsa, ya ce yauwa, ko kai fa. Ya tura ciki.

To, abin da ke fitowa daga ciki ne ya hana shi sakat. Zai ɗauki hoton da Auta ya buga ya kara shi da sikirin, ya duba nan ya duba can. A sikirin ga mutum tas, a takarda ga shi ya koma rawaya, duk wahalar da ya sha ta tafi a banza.

"Auta! Zo nan. Mene ne wannan?"

"Hoto ne, Yaya."

"Na san ba tabarma ba ce. Haka na ba ka shi? Dubi nan, dubi nan. Makaho ma zai ga bambanci. A cikin shayi kake wanke su?"

"To, Yaya."

Abin haushin, masu hotunan ba su taɓa kawo ƙara ba. Su karɓa, su buɗe ambulan, su washe baki, su yi godiya su tafi. Wannan ya ƙara tabbatar wa Tsaya-Haka abin da ya daɗe da sani, cewa jama'a ba su da ido, ka ba su komai za su rataya a bango. Sau ɗaya tak Auta ya yi gangancin leƙo kai ya kalli sikirin ya ce, "Yaya, ko dai shuɗin nan ya ɗan yi yawa?" Wayyo Allah. Ranar ya ji tarihin rayuwarsa tun daga goyo, da wanda ya koya masa riƙe almakashi, da wanda ya tsaya masa har ya yi aure. Kwanaki ana abu ɗaya. Bai sake ba.

Ranar da abin ya fashe, benci cike yake da masu jiran hoton fasfo, ga mai gyaran agogo ya shigo aron tsintsiya ya tsaya kallo. Tsaya-Haka ya kara wani hoto da sikirin, ya ga abin da ya saba gani, ransa ya ɓaci fiye da kullum. Ya buga tebur har linzamin ya faɗi ƙasa.

"Na gaji! Wallahi na gaji. Zan kira mai saiti, ya zo da na'urarsa ya auna kwamfutata, ya auna injinka. Na'ura ba ta da ƙane, ba ta da wa. Wanda duk aka kama da laifi a cikinmu ya bar shagon nan. Jama'a ku ne shaida!"

Jama'ar da fasfo kawai ya kawo su suka sunkuyar da kai. Auta ya tsaya a bakin 'yar ƙofarsa da almakashi a hannu. A karon farko a rayuwarsa bai ce to ba.

"Yaya, da ka bar maganar mai saitin nan."

"Kun ji ko? Kun ji mai gaskiya yana tsoron awo!"

Mai saiti ya zo da hantsi, wani siririn mutum mai tabarau da jaka a kafaɗa, yana taunar cingam kamar an ɗauke shi aikin taunar. Yana shiga ya kare fuska da hannu. Ya sa aka ja labulen taga, ya kashe kwayayen fitilar da aka ƙara, ya goge sikirin da wani ɗan ƙyalle. Sannan ya zaro wata 'yar na'ura mai kama da murfin kofi da doguwar wutsiya, ya rataya ta ta kwanta a tsakiyar sikirin. Launuka suka fara wucewa a ƙarƙashinta, ja ya zo ya tafi, kore ya zo, shuɗi, fari, toka, tana karantawa ɗaya bayan ɗaya. Tsaya-Haka ya harɗe hannu a ƙirji yana gyaɗa kai, kai ka ce shi ya ƙera ta.

"Baba, kalar sikirinka ba ta kauce sosai ba," in ji mai saiti. "Hasken ne ya yi yawa. Wannan ai sai ya dafa ƙwai." Ya rage, ya ƙara ragewa.

Sikirin ya yi wa Tsaya-Haka duhu kamar an rufa masa mayafi. Ya matso da kujera. Amma ga mai gyaran agogo a tsaye a bakin ƙofa, ya bar shagonsa ya zo ganin shari'a. Sai ya yi gyaran murya ya ce, "Yauwa. Dama haka nake son sa."

Aka shiga ɗakin Auta. Mai saiti ya sa injin ya buga wata takarda cike da ƙananan murabba'ai kala-kala, ya bi su da na'urarsa yana aunawa. Can sai taunar cingam ta tsaya. Ya sake aunawa. Ya buɗe saitin injin ya ƙura masa ido.

"Wa ke taɓa nan?"

Bai jira amsa ba ya ci gaba.

"Injin nan lafiyarsa ƙalau. Hannu aka sa masa. An ƙara rawaya, an rage shuɗi, kuma ba a rana ɗaya aka yi ba, kaɗan-kaɗan aka yi ta turawa. Duk abin da aka aiko daga waje, sai an canza shi a nan kafin ya hau takarda."

Auta na kallon ƙasa. "Ni ne."

"Don me?" in ji mai saiti.

Auta ya ɗago ya dubi yayansa, ya buɗe baki, ya dubi mai gyaran agogo da ke miƙo wuya ta saman labule, ya mayar da bakin ya rufe.

Kai, zo ka ga murna wurin Tsaya-Haka! Ko ranar da aka haifa masa ɗan fari bai yi irinta ba. Ya fito tsakiyar shago yana tafa hannu. "Ban faɗa ba? Ban faɗa muku ba? A ce ido ya yi ƙarya? Ina nan ina kashe kaina, ashe a cikin gida ake yi mini zagon ƙasa. Ɗan'uwana, cikinmu ɗaya! Baƙin ciki ne, ba komai ba, don shi Allah bai ba shi ba." Ya faɗi abin da ya kamata, ya faɗi wanda bai kamata ba, ya ƙara da wanda ko a mafarki bai dace a faɗa wa mai furfura a gaban mutane ba.

Auta ya jira har ya gama. Ya ajiye almakashi a kan injin, ya ciro makullin shago daga aljihu ya ɗora a kan tebur, ya ɗauki hularsa.

"To, Yaya," ya ce, ya fita.

Mai saiti dai aikinsa ya zo yi. Ya goge duk abin da Auta ya sa, ya daidaita injin da sikirin, ya kulle saitin yadda ba mai sake taɓawa. "Daga yau abin da ka gani a nan, shi takarda za ta ba ka. Ba ragi ba ƙari." Aka gwada da hoton wani ɗan kasuwa. Tsaya-Haka ya kara shi da sikirin, ya duba nan ya duba can, kamar an tsaga kara. Har ƙwalla ta taru masa don daɗi. Mai saiti ya leƙo ta kafaɗarsa yana zuge jaka.

"Baba, shuɗin nan bai yi yawa ba kuwa?"

"Kai, yaro, aikinka saiti. Ido nawa ne."

Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya ci gaba da taunar cingam ɗinsa, ya kama hanya.

Haka Tsaya-Haka ya zama sarki shi kaɗai. Shi ke ɗauka, shi ke gyarawa da hanci a manne da sikirin, yana ƙara wa fuskoki haske tunda yanzu komai ya yi masa duhu. Shi ke bugawa, shi ke yankewa a karkace, shi ke zuwa sayen shayinsa. Masu fasfo suka riƙa buɗe ambulan su dubi hoto, su dube shi, su sake duban hoto, su fita ba ko sallama. Ya ce ai dole, mutum in ya ga aiki na gaske bakinsa mutuwa yake. Wani lokaci yakan manta ya ƙwala kira, "Auta!" sai ya ji ƙarar fanka kawai. Ya yi tsaki ya ce zafin ɗakin ne ke ruɗa shi.

Ana haka aikin makarantar koyon jinya ya zo, wanda duk shekara shi ke yi musu. Ɗalibai masu fita sun jeru cikin fararen kaya, layi bisa layi, ya daka musu tsawarsa suka ƙame. Ya zauna a kan hoton nan ya zuba duk basirarsa, ya kori rawaya har ba ta bar ko ƙura ba. Ya buga babba na bango da ƙanana na kowace ɗaliba, ya aika, ya zauna jiran yabo.

Shugabar makarantar ce ta zo da kanta, wata dattijuwa gajera mai takalmin roba, irin matan da ba sa ɗaga murya don ba su taɓa bukata ba. Ta kwantar da babban hoton a kan tebur.

"Baba mai hoto, ɗalibaina na turo maka da ransu. Waɗannan kuma daga wane ɗakin ajiyar gawa ka kwaso su?"

"Hajiya, ban gane ba."

"Fararen kaya suka sa. Nan shuɗi ne, kamar an tsoma su a bula. Fuskokinsu sun yi toka, leɓunansu sun yi shuɗi. In aka kawo mini mara lafiya da wannan kalar, ba na ma tsayawa tambayar sunansa."

Tsaya-Haka ya yi murmushin wanda ya riga ya ci shari'a. Ya buɗe hoton a kwamfuta, ya ɗaga na takardar ya kara. "Duba da kyau. Akwai bambanci? Da na'ura aka auna."

Ta duba. "Babu bambanci. Wannan shuɗi, wancan ma shuɗi."

Ya buɗe baki zai kira Auta, ya tuna. Ya juya zai ce injin ne, ya tuna an auna. Kwamfuta an auna. Ya tsaya da hoto a hannu yana neman wanda zai ɗora wa, duk shagon babu kowa sai shi. Ya sake kallon kayan ɗaliban. Farare ne, wallahi farare ne tas, yana ganinsu.

Ita kuwa ta daina kallon hoton, shi take kallo. Ta zagayo tebur, ta ciro 'yar tocila daga jaka, ba ta nemi izini ba ta kama haɓarsa ta juya ta wajen taga. Ta haska ido ɗaya, ta haska ɗayan.

"Yanar ido ce," ta ce, tana mayar da tocilar. "Duka biyun, na dama ya fi. Ita ke sa ka ga komai rawaya-rawaya. Ta daɗe, ba yau ta fara ba. Ni mamakina ɗaya, yadda aka yi hotunanmu na bara suka fito lafiya." Ta ɗauki jakarta. "Ana cire ta. Amma ka je da wuri, ka daina wasa da ita. Hotunan kuma a sake mana."

Bai yarda ba mana, haka kawai? Tana fita ya naɗe hoton ya shiga wurin mai gyaran agogo. Wace kala ce wannan? Mutumin ya cire gilashin idonsa ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce, to, shi dai kamar shuɗi-shuɗi yake gani, amma shi wa ye. Ya shiga kantin magani, matar ta ce shuɗi, ba ta ko ɗago kai sosai ba. Ya tare wani mai wucewa da bai taɓa gani ba, wanda ba shi da dalilin yi masa baƙin ciki. Shuɗi. A nan ne tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya koma shago ya ja ƙofa, ya zauna a kan bencin masu jira, inda bai taɓa zama ba.

A gida ya shimfiɗa hoton a gaban matarsa. Ta dube shi, ta dubi mijinta, ta gane an zo wurin.

"Auta ya faɗa mini tun tuni," ta ce. "Ya ce in lallaɓa ka ka je asibiti, shi zai riƙe shagon ta ciki kafin nan, kada mutane su gane. Kullum sai ya kalli abin da ka turo, ya mayar da shi yadda mutane suke. In idon ya ƙara, shi ma ya ƙara. Na lallaɓa ka, ka ce likitoci su kawo maka nasu."

"Me ya hana shi faɗa ranar? Ga mai saiti, ga kowa, ya buɗe baki mana!"

"A gaban mai gyaran agogo? Ya ce idon Tsaya-Haka ya mutu, kafin la'asar duk layi sun ji? Kai ne za ka iya wannan, Malam. Shi ba zai iya ba."

Da an mare shi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, ya rasa inda zai sa fuskarsa a cikin ɗakinsa na kansa. Ya tuna kalmomin da ya yi ta jifa da su a tsakiyar shago yana tafa hannu, ɗaya bayan ɗaya suka dawo masa, babu wadda ta ɓata a hanya. Abincin da aka ajiye masa ya huce a rufe.

Washegari ya sa rigar nan da ya ce ta koma kalar shayi, ya nufi gidan ƙaninsa. Rabonsa da gidan tun wani bikin suna, don a tsarinsa ƙarami ke zuwa wurin babba. Matar Auta ta buɗe ƙofa, ta gaishe shi da ladabi mai sanyi kamar ruwan randa, ta nuna masa tsakar gida. Auta na zaune a kan kujera 'yar tsugunno yana gyara wa jikansa tayar keke. Ya miƙe.

"Sannu da zuwa, Yaya."

Tsaya-Haka ya shirya magana tun daga gida, mai kyau, har da "ka yafe mini" a ciki. Da ya buɗe baki sai ta maƙale. Mutumin da ya shekara yana ba da umarni, harshensa bai san hanyar ba.

"Injin nan," ya ce, yana kallon keken. "Tawada ta kusa ƙarewa. Ban san inda kake ajiye sabuwa ba."

"Tana ƙarƙashin tebur, Yaya, a cikin kwali."

"To."

Jikan ya ja kekensa ya bar wurin.

"Kuma akwai aikin 'yan jinya. Za a sake."

"Na ji labari."

"Wancan ɗan cingam ɗin ya kulle saitin. Sai a kira shi ya buɗe, ka mayar da abin da ka sa."

Auta ya goge hannunsa da tsumma, a hankali, yatsa bayan yatsa. "Ba zan mayar ba, Yaya."

Tsaya-Haka ya ɗago. Bai taɓa jin wannan kalmar daga bakin nan ba.

"Na yi ta rufa maka, idon yana ƙara lalacewa ina ƙara rawaya. Ban taimake ka ba. Da na bari ka ji kunya tun farko, da yanzu an gama aikin." Ya ajiye tsumman. "Makulli kuma ba zan karɓa ba sai mun je asibiti. Yau. In ka ƙi, ka je ka buga abinka, injin ba zai yi maka gardama ba."

"Ni kake ba wa sharaɗi?"

"E, Yaya."

Tsaya-Haka ya nemi tsawar nan tasa da ke ƙamar da alƙalai, ya laluba ko'ina bai same ta ba. Abin da ya fito a maimakonta ƙaramar murya ce, shi kansa bai san yana da ita ba.

"In suka taɓa shi ya mutu gaba ɗaya fa, Auta? Ba ni da komai sai shi."

"Ba zai mutu ba, in Allah ya yarda. Ina wurin."

Auta ya shiga ya sako hula, suka fito tare. Asibitin ido yana hayin babban titi, ga rana ta take, tana dukan gilasan motoci tana watsowa. Tsaya-Haka ya tsaya a bakin kwalta yana ƙifta ido. Ba ya ganin komai sai farin haske da inuwoyi masu gudu, kuma ya daɗe yana tsallaka titin nan da kunne da sa'a, bai taɓa gaya wa kowa ba. Sai ya ji an kama hannunsa. Ya ɗan motsa kamar zai fizge, ya fasa. Wata mata mai jiran mota ta juyo tana kallon tsofaffi biyu riƙe da hannun juna.

"Me kike kallo?" in ji Tsaya-Haka. "Ƙanina ne. Tun yana yaro bai iya tsallaka titi ba."

Ya ƙara damƙe hannun, suka sauka kwalta.